JIRGIN ƘASA NA TAFE: TA GONAR WA ZAI BI?

Ya ku 'yan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, dattawa da samari.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. A karanta wannan takarda a dandali, a gindin bishiya, a zauren mai unguwa, da ranar kasuwa. Maganar gona ce, gonar da kakanka ya sare, ubanka ya nome, kai ma kake sa ran bar wa 'ya'yanka.

Kun dai ji labari, wasunku ma sun gani da idonsu. A watan Fabrairu na 2021 aka ɗora harsashin shimfiɗa hanyar dogo daga Kano zuwa Maraɗi, ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse. A shekarar nan kuma aka soma ta Kaduna zuwa Kano. Bugu da ƙari, tun watan Maris na 2023 aka gyara Tsarin Mulki, jihohi ma suka sami ikon shimfiɗa nasu dogon. Watau duk inda kake, wata rana safiyo yana iya zuwa ya kafa turakunsa a tsakiyar geronka.

Mu ba ma gaba da jirgin ƙasa. Wa zai ƙi abin da zai kai hatsinsa da dabbobinsa kasuwa da araha? Tambayarmu guda ce: ranar da dogo ya ratsa gonar talaka, wa zai ci riba, wa zai kwana da yunwa? Amsar tana cikin tarihi, domin an yi wannan shari'a a manyan kotunan duniya tun kakanninmu ba su ga jirgi ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

YADDA AKA RABA ƘASA A AMURKA

A 1862 Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokoki biyu, Shugaba Abraham Lincoln ya sa musu hannu. Ta farko ta ce manomin da ya zauna a fili ya yi aikinsa shekara biyar za a mallaka masa eka 160. Ta biyu ta ba kamfanonin reluwe kyautar ƙasa a kan kowane mil na dogo da suka shimfiɗa. Bayan shekara biyu, a 1864, aka ninka kyautar ta kai eka 12,800 a kowane mil guda. Ku yi lissafi da kanku, jama'a. Mil guda na kamfani ya cinye rabon manomi 80.

Daga 1850 zuwa 1871 ƙasar da gwamnatin tarayyar Amurka ta bayar domin aikin reluwe ta kai wajen eka miliyan 130. Wannan ya fi rabin Nijeriya baki ɗaya. Aka yanka ƙasar gida-gida kamar ramukan dara, wannan na kamfani, na kusa da shi na gwamnati, haka har iyakar ganinka dama da hagu na dogo. Waɗanda suka zauna a Majalisa suka ɗaga hannu suka yarda da wannan rabo, da ƙuri'ar talakawa suka shiga.

JININ MANOMA A KALIFONIYA

Akwai wani wuri a jihar Kalifoniya da ake kira Mussel Slough, kusa da garin Hanford. Fako ne, ba ruwa. Kamfanin Southern Pacific ya buga takardu ya rarraba, yana kiran mutane su zo su zauna a filayen da gwamnati ta ba shi, ya ce in lokacin sayarwa ya yi za a sayar musu daga dala biyu da rabi kowace eka zuwa sama, kuma ba za a sa musu kuɗin gyaran da suka yi da hannunsu ba. Talakawa suka ɗauki alkawari da gaske. Suka zo da iyalansu, suka haƙa magudanan ruwa da guminsu, suka mai da fako ya zama lambu.

Da ƙasa ta yi kyau sai kamfani ya fito da farashi. Wata eka dala 20, wata ma fiye da haka. Ashe kalmar nan ta "zuwa sama" ita ce tarkon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Manoma suka haɗa ƙungiya, suka tafi kotu. Hujjarsu ita ce kamfanin bai cika sharuɗɗan da aka gindaya masa ba, saboda haka ƙasar ba tasa ba ce. Amma tun a 1875 Kotun Ƙolin Amurka ta riga ta yanke hukunci a wata shari'a cewa ko da kamfani ya saɓa sharaɗi, ƙasar tana nan a hannunsa har sai gwamnatin da ta ba shi ta tashi ta karɓe abinta. Talaka ba shi da bakin cewa a ƙwace. A ƙarshen 1879 alƙalin kotun tarayya Lorenzo Sawyer ya ba kamfani gaskiya.

Ranar 11 ga watan Mayu na 1880 jami'in kotu ya zo fitar da mutane daga gidajensu, tare da waɗanda suka sayi filayen daga hannun kamfani. Aka yi cacar baki, bindiga ta tashi. Mutum bakwai suka rasa rayukansu, biyar daga cikinsu manoma ne. Sa'an nan aka kama wasu manoma biyar aka ɗaure su wata takwas saboda sun tare wa jami'in gwamnati hanya. Sauran kuwa, mai hali ya biya, maras hali ya kwashe komatsansa.

To, ina laifin yake? Alƙali ya buɗe littafin doka ya karanta abin da 'yan Majalisa suka rubuta. Tun ran gini, tun ran zane. Manoman nan sun fāɗi shari'arsu tun ranar da aka rubuta dokar, shekaru kafin su taka ƙofar kotu.

DA MANOMA SUKA FARKA

Amma talakan Amurka bai kwanta ba. Manoma suka kafa ƙungiyoyi ƙauye-ƙauye, suka riƙa tambayar duk mai neman ƙuri'arsu ra'ayinsa a kan kamfanonin reluwe. 'Yan Majalisa suka ga kujerunsu na rawa. Daga 1871 aka daina kyautar ƙasa. A 1875 aka yi sabuwar doka, wadda ta ba kamfani hanyar wucewa kaɗai, ƙafa 100 dama, ƙafa 100 hagu. A 1890 Majalisa ta yi dokar karɓe filayen da ke gefen layukan da kamfanoni suka yi alkawari ba su shimfiɗa ba.

Ku dubi abin da gyaran doka ya haifar. A 1942 kamfanin Great Northern ya so haƙar man fetur a ƙarƙashin layinsa a jihar Montana. Kotun Ƙoli ta ce a'a, dokar 1875 wucewa ta ba ka, ba ta ba ka ƙasa da abin da ke cikinta ba. A 2014 kuma, a shari'ar wani iyali na jihar Wayomin da wani tsohon layi ya ratsa filinsu, alƙalai takwas cikin tara suka ce tun da jirgi ya daina bi, hanyar ta mutu, fili ya koma hannun mai shi. Dokar da manoma suka tilasta aka yi, ta kare jikokin jikokinsu bayan shekara 139.

Kotun ita ce dai wadda ta juya wa talaka baya a 1875. Abin da ya sāke shi ne rubutun da aka ajiye a gabanta.

ƘASAR GADO BA TA BUKATAR HATIMIN BATURE

Ga wata shari'ar da ta fi kama da halinmu, mu da yawancinmu ba mu da takardar gona. A jihar Arizona akwai wata al'umma ta 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, ana kiransu Walafai. A 1866 Majalisa ta ba wani kamfanin reluwe filaye a ƙasarsu ba tare da an tambaye su ba. Daga baya kamfanin Santa Fe ya gāji kyautar, ya ce rabin yankin da aka keɓe musu a 1883 nasa ne, har da idon ruwan da suke sha. Hujjarsa ita ce mutanen nan yawo suke yi, ba su da takarda, saboda haka ba su mallaki kome ba.

Wani ɗansu mai suna Fred Mahone, tsohon soja da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana rubuta shaidarsu: ga inda aka haifi wane, ga rijiyar zuriyar wane, ga inda suka yi noma, ga makabartarsu. Shekara da shekaru yana wannan aiki ana yi masa dariya. Ranar 8 ga Disamba 1941 Kotun Ƙolin Amurka, ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba, ta ce zaman gado da aka yi tun kaka da kakanni hakki ne, ko babu takarda ko yarjejeniya, kuma kyautar da aka yi wa kamfani ba ta shafe shi ba. Daga bisani kamfanin ya saki wajen eka 500,000.

Mu ma nan gida an taɓa yin irinta. A 1913 gwamnatin mulkin mallaka ta karɓe ƙasar Apapa a Legas domin aikin gwamnati. Kotunan Turawa na Legas suka ce Amodu Tijani, Oluwa na Legas, ba shi da mallaka, ɗan abin da yake karɓa na sarauta kaɗai za a biya shi. Bai yarda ba. Ya hau jirgin ruwa zuwa Landan tare da Herbert Macaulay, ya kai ƙara gaban kotun Majalisar Sarkin Ingila, wadda ita ce ƙarshen shari'a a wancan zamani. A watan Yuli na 1921 kotun ta ce ƙasar ta jama'arsa ce, a biya su diyya ta cikakkiyar mallaka. Aka biya fam 22,500.

MU FA A AREWA?

A 1910 Turawa suka yi shelar dokar da ta sa dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna. A 1911 dogo ya iso Kano. Ku lura da yadda shekarun suka bi juna. Kafin jirgi ya yi kukansa na farko a Kano, an riga an rubuta cewa manomin Arewa mai zama ne a kan ƙasa, ikonta yana hannun wani. Kakanninmu suka noma gyaɗar da aka tara dala-dala a bakin tasha, jirgi ya kwashe zuwa teku. Wa ya yi arziki da ita, ku ne shaida.

Bature ya tafi, dokarsa ta zauna. Aka sabunta ta a 1962. Sa'an nan a watan Maris na 1978 gwamnatin soja ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa a kan Nijeriya duka, aka kuma cusa ta cikin Tsarin Mulki na 1979, aka sake cusa ta cikin na 1999. Ita ke aiki a kanmu har yau. Bari mu warware muku abin da ke cikinta, domin masu zuwa neman ƙuri'arku da atamfa da sabulu ba za su gaya muku ba.

Sashe na 1 ya ce duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun Gwamna, amana domin jama'a. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke hakkin zamanka saboda "amfanin jama'a". Sashe na 29 ya ce diyyar da za a ba ka ta abin da ka ɗora a kan ƙasa ce, watau gini da shuka da itatuwa, a kan farashin da ma'aikacin gwamnati ya yanka. Ita kanta ƙasar, in ba ka biyan gwamnati kuɗin haya a kanta, ba ta da kuɗi. A zo da rani bayan ka girbe, a tarar da kara da kunya, me za a ƙirga maka? Saurar da ka bari ta huta fa? Burtalin da shanu ke bi fa? Gonar da za ta ciyar da zuriyarka shekara ɗari, sai a biya ka kuɗin damina guda.

In ka ce diyya ta yi kaɗan, sashe na 30 ya tura ka gaban kwamitin da Gwamnan da ya karɓe gonar ya naɗa. An ba kura ajiyar nama ke nan. Sashe na 47 ma cewa ya yi kotu ba ta da ikon duba yawan diyya, sai da Kotun Ɗaukaka Ƙara, a wata shari'a daga Jihar Kaduna a 1986, ta ce wannan ya saɓa wa Tsarin Mulki. Amma har gobe rubutun yana nan cikin littafi ana tsorata talaka da shi.

Ga kuma babban tarkon. A ƙarshen dokar, inda aka fassara "amfanin jama'a", an sa har da karɓe filin da darajarsa za ta ƙaru saboda an shimfiɗa dogo ko hanya a kusa da shi. Kun ji? Ko jirgi bai taɓa gonarka ba, in dai zuwansa zai sa ta yi tsada, doka ta buɗe ƙofar a raba ka da ita. Filin bakin tasha da zai zama kasuwa da rumbunan ajiya, wa kuke tsammani zai tashi da shi in ba a toshe wannan ƙofa ba? Abin da aka yi wa manoman Kalifoniya ke nan, an sāke masa riga.

Kada wani ya ce muku wannan labarin nesa ne. Ku tambayi mutanen Bakolori ta ƙasar Talatar Mafara. An karɓe gonakinsu domin madatsar ruwa, suka nemi diyyarsu, suka tare hanyoyi. A watan Afrilu na 1980 aka aika musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe manoma a ƙauyukansu. Shekara ɗari daidai tsakaninsu da Mussel Slough. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

HAKKIN DA KUKE DA SHI TUN YANZU

Ko a cikin wannan doka akwai abin da ake ɓoye muku. Sashe na 6 ya ce in aka soke hakkin manomi a kan gonarsa ta gargajiya, wajibi ne Ƙaramar Hukuma ta ba shi wata gonar ya noma. Sashe na 28 ya ce sai an ba mai fili sanarwa. Sashe na 44 na Tsarin Mulki ya ce a biya diyya ba da jinkiri ba, kuma mai fili yana da ikon zuwa kotu. Tun a 1974, a shari'ar wani fili na wajen Warri, Kotun Ƙolin Nijeriya ta soke ƙwacen da gwamnati ta yi da sunan amfanin jama'a sa'an nan ta miƙa filin ga wani kamfani.

Saboda haka ku yi abin da Fred Mahone ya yi. Ku tara dattawa tun suna da rai, a rubuta iyakar kowace gona da shaidun maƙwabta. Ku ƙirga kukarku da ɗorawarku da kaɗanyarku. Kada kowa ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba. Kada kowa ya je gaban masu awo shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA MUKA ƊAUKAR MUKU ALKAWARI

Za su ce muku mu masu hana ci gaba ne. Ku tambaye su: ci gaban wa? In aikin na jama'a duka ne, don me manomi shi kaɗai zai biya kuɗinsa da gonarsa, alhali ɗan kwangila ana biyansa har da riba? Za su ce gwamnati ba ta da kuɗin diyya. Wanda ya sami kuɗin ƙarfe da siminti da tasha mai bene, bai rasa na mai gona ba.

In kuka ba jam'iyyarmu amanarku, ga abin da wakilanmu za su tsaya a kai:

1. A biya diyyar ita kanta ƙasar a kan farashin kasuwa, har da saura da fadama da makiyaya, ban da ta shuka da gini.

2. Kuɗi ya shiga hannun mai gona kafin katafila ta shiga gonarsa.

3. Dogo ya sami hanyar wucewa kaɗai. Ranar da aka fasa aikin ko aka daina bin layin, fili ya koma ga mai shi ko magadansa.

4. A goge ikon karɓe fili don kawai darajarsa za ta ƙaru. Ribar zuwan jirgi ta zauna a hannun mutanen garin.

5. A goge sashen da ke hana kotu duba diyya, a sa zaɓaɓɓun wakilan manoma da makiyaya cikin kwamitin ƙasa.

6. A ba kowane manomi takardar shaidar gonarsa a Ƙaramar Hukumarsa, a karɓi shaidar dattawa da maƙwabta, a kuma bar mashigin mutane da dabbobi a duk inda dogo ya raba gari da gonakinsa.

Ba za mu yaudare ku ba, aikin yana da wuya. Tun da an ɗaure dokar a jikin Tsarin Mulki, ba ta gyaruwa sai da kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa, da kashi biyu cikin uku na Majalisar Wakilai, da amincewar Majalisun Jihohi 24 cikin 36. Shi ya sa muke roƙonku kada ku zaɓi Shugaban Ƙasa ku koma gida ku kwanta. Ɗan Majalisar Jiha da kuke rainawa, hannunsa yana cikin masu gyara wannan doka. Gwamna kuwa, shi ne mai sa hannu a takardar karɓe gona, kuma ko kafin a gyara doka yana da ikon naɗa mutanen kirki a kwamiti da biyan diyya a kan lokaci.

Duk ɗan takarar da ya zo garinku, namu ko na wasu, ku tsai da shi a gaban jama'a ku tambaye shi: me ka ce a kan sashe na 29? In ya soma kame-kame, kun san amsa. In ya miƙo kuɗi, ku tuna kuɗin cefanen kwana biyu ne, gona kuwa ta har abada ce.

Alƙali ba ya zuwa neman ƙuri'a, amma mai rubuta abin da alƙali zai karanta yana zuwa, kuma ga shi nan tafe ƙofar gidanku. Ku adana katinku. Ranar zaɓe ku fito da sassafe, maigida da uwargida da amarya da samari, ku dangwala wa jam'iyyarmu tun daga sama har ƙasa, ku tsaya a ƙirga a gabanku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gonakinmu, ya ba talaka nasara. Amin.

In ka gama karantawa, miƙa wa maƙwabcinka.